Gafakar da Na Ɗauko a Tsafe

Litinin, 28 ga Zulƙida 1345, bayan la'asar. Gusau.

Yau aka rufe makaranta, hutun Sallah da na shuka a haɗe, wata guda cur. Na kulle akwatin alluna, na miƙa mabuɗi, na dawo gida. Shekara uku ke nan ni ke rubuta littafin ranaku na makaranta, wa ya zo, wa bai zo ba, yaushe aka yi ruwa, har hannuna ya saba. To ga hannu, ga ragowar takarda, babu aji. Bari in rubuta na gidana. Da boko nake rubutawa, don ko wani ya tsinta a unguwar nan zai ɗauka tururuwa ce ta faɗa tawada ta bi ta kan takarda.

Kwana goma sha tara ke nan tun Larabar nan da muka yi rashi. Matata Hanatu ba ta ce uffan ba. Ba ta kuka, ba ta fitowa sai don alwala, kunu ludayi biyu take sha ta ture ƙwaryar. Ni kuma ban shiga ɗakin ba. Kullum da safe nakan tsaya bakin asabari in yi sallama, in jira, in juya.

Jiya yayanta Manu ya zo daga Bungudu. Ya zauna a zaure, goron da na ba shi ma bai taɓa ba. Ya ce, "Attahiru, ba hwaɗa niz zo yi ba. Amma in anka yi Sallah da kwana bakwai tana hakanga, zan zo da jaki in tahi da ita gida. In mutuwa ta, ta mutu gaban uwatta." Na ce to. Me zan ce? Na san in ta hau jakin nan ba za ta sake taka Gusau ba.

Inna, mahaifiyata, ta ce gobe in kama hanyar Tsafe, wai akwai wani tsoho Malam Garba da rubutunsa na sha ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na ce Inna, malamai nawa ne a garin nan? Ta ce, "Su duka mun sha nasu." Zan tafi. Gaskiyar magana, ina son abin da zai fitar da ni daga gidan nan ko na kwana huɗu ne, kuma ina jin kunyar rubuta hakan.

Laraba, 30 ga Zulƙida, almuru. Tsafe.

Ƙafafuna sun kumbura. Malamin boko da ya saba zama kan benci, ga shi nan yana ɗingishi a gindin duwatsun Tsafe.

Malam Garba ɗan tsurut ne, ido ɗaya, na tarar da shi yana gyaran bakin tabarma da kansa. Na faɗa masa abin da zan iya faɗa. Bai katse ni ba, bai kuma yi mini wa'azin haƙuri ba, wanda na sha har ya ginshe ni. Tambaya biyu ya yi. Ya ce, "Kai kana ina ranan?" Na ce ina zaure. Ya ce, "Kana mi?" Na kama duban tabarmar da ke hannunsa. Ya ci gaba da saƙarsa kamar na amsa.

Can ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar gafaka, jakar ajiye littafi, fatarta ta yi baƙi don taɓawa. Ya ce, "Rubutun sha ba ni ba ka, wanda anka ba ta ya isa. Wanga kuma ba littahin addini na ba, labari na. Wani falke ya kwanta ciwo gidanga shekarun baya, yab bar shi, bai hwaɗi ko shi yar rubuta ba. Ban ji akwai wani irinai ko'ina ba. Amana ta. Ka maido min kahin kaka."

Na ce wa zan karanta wa? Ya ce, "Kai dai karanta."

Tafiyar kwana biyu, in koma da tatsuniya a rataye. Na yi godiya don ladabi, amma raina a ɓace yake.

Juma'a, 2 ga Zulhajji, bayan la'asar. Gusau.

Inna ta tare ni tun a zaure, ina maganin? Na nuna mata gafakar. Sai da ta goge hannuwanta a zane, ta yi bismilla, sannan ta taɓa. Na ce Inna, labari ne kawai, irin na tatsuniya, sai dai dogo. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Tun da kash shiga bokon ga komi wasa na gare ka. Malami shi ba ka gafaka guda cike da rubutu, ka ce tatsuniya." Ban ja da ita ba, gajiya ta yi mini yawa.

Na tambayi Inna jikin Hanatu. Ludayi biyu.

Asabar, 3 ga Zulhajji, bayan azahar.

Da hantsi na zauna a shigifa, inda haske ke shigowa ta saman ƙofa, na buɗe gafakar don in ƙirga abin da aka ba ni amana. Falle ɗari da talatin da shida, a warware, babu ɗinki, da ajami. Hannun marubucin a karkace yake, tawadar ta yi fari-fari. Babu suna a farko, babu suna a ƙarshe. Na ce bari in duba falle ɗaya in ga irin shirmen. Ajamin wani ba ya karantuwa da ido kaɗai, sai baki ya taya, don haka da murya na fara. Kiran azahar ya same ni a falle na goma sha tara.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Na yi karatun fiƙihu gwargwado, na haddace waƙoƙin wa'azi, na koyar da takardar boko mai sanar da mutum cewa doki ƙafarsa huɗu. Ban taɓa ganin takardar da mutum ke tari a cikinta ba. A nan akwai wata mata Habiba, mai daddawa, da mijinta Bello, manomi, a wani ƙauye da ba a faɗi sunansa ba, tun kafin zuwan Nasara. Habiba tana wanke tukunya, sai marubucin ya tsaya ya gaya mini da hagu take juya ta, saboda tsohon ƙuna a hannun dama. Wa ya gaya masa ana rubuta irin wannan? Ba sarauniya ba ce, ba waliyyiya ba ce, mace ce mai warin kalwa. Amma da na ajiye takardar na fita alwala, sai na ji kamar zan ci karo da ita a tsakar gida.

Suna da ɗa guda. A falle na goma sha bakwai mahara suka ɗauke shi a gona. Uban ne ya bar shi shi kaɗai, ya je gaisuwa ƙauyen gaba.

Lahadi, 4 ga Zulhajji, almuru.

Falle arba'in da ɗaya. Tuwon rana ya sandare a gabana ban sani ba. Ludayi biyu.

Litinin, 5 ga Zulhajji, bayan la'asar.

Habiba ta ɗauki kwandon daddawa ta fita. Ba ta yi wa mijin faɗa ba, ba ta nemi saki ba, ba ta ko dube shi ba. Kasuwa zuwa kasuwa take bi, tana sayar da daddawa tana duban fuskokin yara. Shi kuma Bello ya rufe ɗaki ya bi bayanta. Sai dai ba ya cim mata. Kullum tazarar yini guda yake bari. Inda ta kwana jiya, nan yake kwana yau. Yakan tambayi masu gidan me ta ci, ta yi magana, ƙafarta ta warke? In ya ga dangar da ta jingina ta karye sai ya gyara, ya wuce.

Na ajiye takardar na yi ta kallon bango. Mutumin da ya rubuta wannan, a ina ya zauna? Da wane haske? Falke ne mai jakuna, ko malami ne da ya ɓoye sunansa don kada a ce ya bar karatu ya koma ƙaryar baki? Ƙarya ce, na sani, babu Habiba, babu Bello. To me ya sa ƙirjina ke ciwo kamar na ɗauki dutsen niƙa? Allah mai iko, da ya sa wa alƙalamin kara irin wannan ƙarfi.

Talata, 6 ga Zulhajji, hantsi.

Shekara ta shida da tafiyarsu. Bello ya iso wani gida da yamma, a gajiye, tsohuwar gidan ta miƙo masa dunƙulen fura a nannaɗe da ganye. Ta ce baƙuwar jiya ce ta bari, ta ce a ba baƙon da zai zo gobe. Ba ta faɗi suna ba. Ashe ta sani. Shekara shida tana sane. Marubucin bai ce Bello ya yi kuka ba, ya ce dai ya zauna da furar a hannu har ta yi tsami, ya kasa ci, ya kasa ajiyewa.

Ni ne na yi kukan. Rabona da hawaye tun kafin Larabar nan, ko a ranar ban yi ba, mutane har suna yabon tawakkalina. Ɗigo ɗaya ya faɗa kan takardar, na sa bakin riga in goge, sai kalmar ta tafi gaba ɗaya, ta bar tabo ruwan toka. Sai a sannan na gane abin da ya sa tawadar ta yi fari. Ba ta takarda ba ce, ta allo ce, baƙin tukunya da ƙaro, irin wadda ake wankewa. Bawan Allahn nan ko tawadar kirki ba shi da ita, ya zauna ya zuba wannan abu duka da abin da raɓa ma za ta iya ɗaukewa. Yanzu nesa da fuska nake riƙe fallen, kamar tsoho mai ciwon ido.

Laraba, 7 ga Zulhajji.

Laraba. Ban karanta ba. Inna ta ɗebo ruwa a gidan maƙwabcinmu Malam Bawa, kamar kullum yanzu. Tamu rijiyar tana nan a rufe da itace da ƙaya.

Alhamis, 8 ga Zulhajji, bayan azahar.

Malam Bawa mai sayar da ƙyalle ya tsare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam Attahiru, wane irin wuridi na kaka yi da rana tsaka? Muna jin ka ta bisa danga, ka karanta, ka yi shiru, ka hyace hanci." Na ce labari ne. Ya ce to ba ni. Na ba shi a taƙaice, muna tafe. Ya saurara yana tauna goro, da na gama ya ce, "To mi ah hana shi ƙara sauri? Yini guda na fa. Ko gurgu ya cike shi."

Na ji haushi. Na ce ba ka gane ba, da wace fuska zai tsaya gabanta? Ya ce, "Da wadda Allah yab ba shi mana. Ni dai in tawa ta, da na cim mata tun Talata, ta zage ni, mu koma gida." Na ce kai ƙyalle ka sani, ba labari ba. Ya yi dariya ya shige gidansa.

Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Tun ɗazu ina nan ina shirya amsar da ya kamata in ba shi, har yanzu ban samu mai kyau ba.

Juma'a, 9 ga Zulhajji, kafin shan ruwa.

Ranar Arfa, ina azumi, ya kamata a ce tasbaha ce a hannuna. Allah ya gafarta mini, na karanta falle goma sha biyu.

A wata kasuwa Habiba ta ga saurayi mai ɗauke da dammin kara, kunnuwansa irin na Bello sak. Ta bar kwandonta a buɗe ta bi shi yini guda, lungu-lungu, har ƙofar gidansu. Wata mata ta fito ta karɓi karan, ta zungure shi a ka don ya daɗe, kunnuwanta irin nasa. Habiba ta gaishe ta, ta roƙi ruwa, ta sha, ta yi godiya, ta juya. Shi ke nan abin da aka rubuta. Babu wa'azi, babu waƙa. Na karanta wurin sau uku ina neman inda ya ɓoye abin da ke shaƙe ni, ban gani ba. Kalmomin da muke sayen gishiri da su ne.

Inna ta ce yau ludayi huɗu. Ta ce albarkar rana ce.

Asabar, 10 ga Zulhajji, bayan la'asar. Sallah.

An sauko idi. An kayar da ragon, na riƙe wuƙa, sai na tuna wa ke kai masa ɓawon gyaɗa a tafin hannu tun yana ɗan ƙarami. Na miƙa wa Malam Bawa wuƙar na ce hannuna ya yi sanyi. Ya karɓa ya yanka, Allah ya saka masa.

Tela ya aiko da ɗinki. Na manta ban je na hana shi ba. 'Yar riga mai ratsin shuɗi. Inna ta karɓa ta tura ƙasan adaka, ba mu dubi juna ba.

Na kai hanta gasasshiya bakin asabari. Na yi sallama. Na ajiye.

Lahadi, 11 ga Zulhajji.

Hantar tana nan inda na ajiye ta. Saura kwana shida.

Litinin, 12 ga Zulhajji, bayan azahar.

Takardun da suka rage sun yi siriri a hannu, sai na fara rowa. Falle biyar a yini, ba ƙari. Ina tsoron ya ƙare. In ya ƙare me zan yi da hantsi? Ina zan zauna?

Inna ta same ni a shigifa ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. Ta ce, "Na aike ka neman magani, ka dawo kana shanye shi kai kaɗai da ido. Yarinya na can tana ƙarewa, ɗan'uwanta na ƙirga kwanaki, kai kana nan kana kuka bisa takarda. In ba ka san yadda akan yi da shi ba, hwaɗa min." Na ce Inna, sau nawa zan faɗa, labari ne. Ta ce, "Labarin da ka sa namiji mai gemu kuka?" Ta yi tsaki ta wuce.

Ba ta yi ƙarya ba. Abin da nake yi ke nan, ina ɓuya a bayan takarda. Ba yau na fara ba.

Talata, 13 ga Zulhajji, bayan la'asar.

An kwana ana ruwa, irin wanda manoma ke jira. Gari duka ƙanshin ƙasa.

Na karya dokar falle biyar, na yi goma sha ɗaya. Shekara ta goma sha ɗaya, gashin Habiba ya yi fari, ta daina duban fuskokin yara, manya take duba yanzu. Ta bi wata hanya ta iso bakin gulbi da damina, ya cika ya tumbatsa, masu fito sun ce babu mai ƙetarewa sai ruwa ya ja, ko da goran fito ne. Dole ta kwana a bakin ruwa. Gari ya waye, gulbi bai ja ba. Rana ta yi tsaka. Bello kuwa yana tafe, bai san komai ba, yana tsammanin ta yi nisa kamar kullum. Ya hau wani tudu, sai ga ruwa shimfiɗe, ga mace zaune ita kaɗai da kwando, ta ba shi baya. Falle ya ƙare a nan.

Saura bakwai. Ban iya ci gaba ba, kuma ba na son in karanta su a gurguje. Na ware su daban, na naɗe su a farin ƙyalle mai tsabta, na sa su a saman gafakar, na rataye. Gobe da sassafe zan tafi gonarmu ta Wonaka, ba a wasa da ruwan shuka. Gara ma, goben Laraba ce. In na dawo sai in yi wanka, in zauna, in ji abin da zai ce mata.

Alhamis, 15 ga Zulhajji, bayan la'asar.

Innalillahi.

Na dawo da azahar, laka har gwiwa. Da shigowata tsakar gida na ga takardu bakwai shanye a kan zana, an danne kowace da tsakuwa. Na ɗauka iska ce ta zubar da wani abu. Na matsa. Babu komai a kansu. Fari fat, sai ɗan duhu-duhu inda layuka suke a da.

Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka an daɗe. Ta ce, "Na yi abin da kak kasa. Na ga waɗanda kaw ware cikin hwarin ƙyalle, nic ce su na masu ƙarhin. Na yi alwala, na wanke su tas cikin sabuwar ƙwarya, ko ɗigo ban zubar ba."

Ban san abin da na faɗa ba. Na san dai na ɗaga murya a kan mahaifiyata, abin da ban taɓa yi ba, har matar Malam Bawa ta leƙo ta danga. Na ce amana ce. Na ce babu irinsa a duniya. Na ce mutum ya zauna da ciwo da talauci ya rubuta, shekaru yana ajiye babu abin da ya same shi, sai da ya zo gidan malamin makaranta. Na ce ba aya ba ce, Inna, ba addu'a ba ce, mace ce da mijinta a bakin gulbi. Ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce, "Baƙaƙen Alƙur'ani nig gani." Haka ne kuwa. Da su aka rubuta. A ina za ta san bambanci? Ita duk rubutun da ta taɓa gani a rayuwarta, ko a karanta shi a salla, ko a wanke a sha.

Na ɗaga fallen ɗaya-ɗaya ina duba su a rana, ko alƙalami ya bar sawu. Na ga wani abu kamar "ta ce", ko kuwa idona ne ke so. Bello yana kan tudu. Nan zai tsaya har tashin kiyama.

Juma'a, 16 ga Zulhajji, bayan sallar Juma'a.

Na je na durƙusa gaban Inna na nemi gafara. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta yi tsami, sannan ta ce tashi. Ta ce, "Ni dai na ga abin da yat taɓa ka, nic ce ko ita ma shi taɓa ta."

Sai ta ƙara da wani abu. Ta ce da ta kai ƙwaryar, Hanatu ta kawar da kai kamar yadda take yi wa kowane rubutu. Da ta ce mata na cikin gafakar nan ne da Malam ke karantawa, na ƙarshen, sai ta tashi zaune, ta karɓa da hannu biyu, ta shanye duka har tana lashe baki. Ban san me zan yi da wannan magana ba.

Malam Garba kuwa, da ƙafata zan je in faɗa masa. Abin da zai ce, ya ce.

Gobe Manu.

Asabar, 17 ga Zulhajji, bayan azahar.

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ƙari.

Rana ta ɗan ɗaga na je bakin asabari. Na yi sallama. Na ce a raina yau ce ta ƙarshe, gobe ɗakin babu kowa. Har na ɗaga ƙafa zan juya, sai na ji murya a dishe, kamar ta tsohuwa.

"Ya iske ta?"

Na waiga ina neman Inna. Tana can wajen turmi. Na ce, wa?

"Bello. Ya iske ta bakin gulbin?"

Na dafa bango. Ta ce, "Tagar ɗakin ga bayan shigifa take, Malam. Kai kuwa ba ka iya karatu a hankali ba."

Kwana talatin da takwas, kuma abin da ta fara yi shi ne ta yi mini tsiya. Na ce ban sani ba, Hanatu. Ban kai ƙarshen ba. Kin shanye shi.

Ta ce, "Na sani. Baƙin tukunya na da ƙaro, na ɗanɗana." Ta yi tari. Ta ce, "Ni dai ga abin da nig gani. Mace ta yi shekara goma sha ɗaya bisa hanya, ka ce ba ta san watan da gulbi ka cika ba? Da gangan tab bi ta nan. Ta gaji da zama gaba."

Na karanta falle ɗari da ashirin da tara da idona, na yi kuka a kansu, na yi wa Malam Bawa gorin jahilci, ban ga wannan ba. Ita ta ji shi ta taga.

Ta ce, "Ɗaga asabarin."

Na ɗaga, na shiga. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafar gado. Na fara faɗin abin da na ƙi faɗa wa Malam Garba, na ce ni ne ke zaure, littafi na hannuna, 'yarmu ta wuce ta gabana, ban ɗaga kai ba, sai a rijiya aka gan ta. Ta ce in tsaya.

Ta ce, "Ni kuwa na neme ta gidan ga duka. Na duba ɗakin Inna, na duba wurin rago, ina ta 'ke, ke yarinya.' Ɗiyar fari ta, ba ni hwaɗin sunanta. Shekara huɗu ban taɓa kiran ta ba ko sau guda. Har ranan kunya nika ji, Malam. Har ranan. Kullum sai in ce, da na buɗe baki na kira sunan da ƙarhi, ko da ta tsaya ta waiwayo."

Ni ina can ina tsammanin fuskata ce ba ta son gani. Ashe kowa da abin da ya rufe kansa da shi. Na ce ni ma ban taɓa kira ba. Yadda muka taso ke nan, uba da uwa ba sa faɗin sunan ɗan fari, a gaban mutane ko ɗaukarsa ba ka yi. Inna ce mai kira, mu namu kallo daga nesa.

Ta ce, "Saki asabarin, kada Inna ta ji."

Na sake shi. Ta daɗe tana motsa baki babu sauti. Sannan ta faɗa, a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya.

"Ma'u."

Ta sake faɗa. A na uku kukan ya zo, wanda bai zo ba tun Larabar nan, ta kifa kai a kafaɗata. Ta ce kai ma. Na faɗa. Bakina bai san hanyarsa ba, amma ya fita.

Muna haka muka ji kukan jaki a ƙofar gida, da sallamar Manu daga zaure. Na yunƙura zan tashi. Ta riƙe bakin rigata.

Ta ce, "Bar shi shi jira. Ba inda za ni. Sake hwaɗi."

Na sake faɗa.